Me ya sa ake daina kai yara masu tamowa asibiti tun ba su warke ba?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure. Za a sa yaro a shirin tamowa, a fara ba shi abincin ledar nan na maganin tamowa, RUTF, bayan sati biyu ko uku sai uwar ta ɗauke ƙafa. Wata kuma tana zuwa, amma yaron ba ya ƙara nauyi. Sakaci ne, ko da wani abu a ƙasa?

Ɗan Rimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sakaci ne mafi ƙarancin dalili. Shirin na neman uwa ta zo kowane mako, kusan sati 6 zuwa 8. Tamowa kuwa ta fi tsanani da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa yana gona, hanya ta lalace, kuɗin mashin ya tashi. Ga neman izinin maigida kowane fita. Idan ta sha wannan wahala aka ce mata kaya sun ƙare, da wuya ta sake dawowa.

Sannan da kumburi ya saɓe, yaro ya fara wasa, sai gida su ce ya warke. Ba a sallamar yaro sai awon damtsensa ya kai santimita 12.5, wato kore a igiyar awo, kuma babu kumburi sati biyu a jere. Ƙasa da 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Wanda aka cire yana rawaya, wato tsakanin ja da kore, shi ke dawowa ja.

Nas Talatu:
Kan wanda ke zuwa amma ba ya ƙara nauyi, a fara tambayar bakin mutum nawa ledar ke shiga. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, kuma da nauyin yaro ake lissafa ta; mai kilo 7 zai ci biyu zuwa uku a yini. Idan aka raba da yayyensa, ko aka sayar da wasu don a sayi hatsi, lissafi ya rushe. Faɗa ba ya gyara wannan; gidan da babu tuwo, uwa ba za ta iya kallon sauran yara ba. Gara a gaya wa maigida da kakar yaro a fili cewa magani ne, ba alawa ba.

Kuskure na biyu, dama abincin ledar a ruwa ko kunu. Ba a yi. A wanke hannu, a fara ba shi nono, ya ci daga ledar kaɗan-kaɗan, a ba shi tsaftataccen ruwa ya sha. In duk an kiyaye amma shiru, a duba gudawa, zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka. Wanda ya ƙi ci gaba ɗaya, ko kumburi ya hau har fuska, na kwantarwa ne, madarar magani ta asibiti mai suna F-75 ake fara masa.

Malam Na'ibi:
Ku ƙara da tushen abin. Ana zubar da dakashi, ana ɗura wa jariri ruwa kafin wata 6, kuma da uwa ta yi rurrutsa sai a yaye yaro rana ɗaya, wai nonon ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Bayan yaye kuma sai koko tsararo. A yi garin kunu: mudu 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba.

Nas Talatu:
Uwar ma a duba ta, Malam. Masu ciki na barin ƙwayar ƙarin jini saboda tashin zuciya da baƙin bayan gida. Baƙin ba illa ba ne. Ta sha da dare bayan abinci, kada ta haɗa da shayi, domin yana hana jiki zuƙar sinadarin da ke cikin ƙwayar.