Jiya yarona ya taka ƙafa, ku ma ku ba mu labarin naku

Maman Sadiƙ, Shara Mansur, Makka

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa. Yaron nan ya taka ƙafa! Watansa 11 da kwana tara. Bayan la'asar ne, ina zaune a ƙasa ina tsince shinkafa, shi kuma yana bin gefen kujera yana dafawa kamar yadda ya saba sati uku ke nan. Sai na ji shiru. Ina ɗaga kai na gan shi tsaye bai riƙe komai ba, hannuwa a sama, ya kafe ni da ido. Ɗaya, biyu, uku, a na huɗu ya faɗo jikina, shinkafa ta watse. Wallahi ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, sai da maƙwabciyata 'yar Yaman ta buga ƙofa tana tambayar lafiya.

A gida in mutum ya cika murna akan ce kamar an ba shi kujerar Makka. To ni ina cikin Makkar, ban san da me zan kwatanta tawa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai da dare shi ne, ɗan farina ne. Da a Kano muke, a gidan surukaina, ko kallonsa ba zan yi ba a gaban mutane. Sunan nan da kuke gani a sama ma ƙanwata ce ta rubuta mini, ni ba na faɗa. Kakarsa ce za ta yi guɗar, goggonninsa su riƙe masa hannu suna "tata, tata" har tsakar gida. A nan babu kaka, babu goggo, babansa yana wurin aiki sai bayan isha'i. In ban yi murnar ba, wa zai yi? Na kira Hajiyarmu nan take, agogonmu ya riga nasu da awa biyu, ta idar da azahar ke nan. Na kafa masa waya ya maimaita, ya ƙi, ya zauna daɓas yana cin shinkafar da ta zube. Ta ce ta yarda ko ba ta gani ba.

Don Allah ku ba ni naku. Wane abu ne yaranku suka fara yi da har yau in kun tuna sai kun yi murmushi?

Hajiya Inna, Hindawiyya

Barka 'yata, Allah ya raya mana shi bisa sunna, ya sa ƙafar nan ta yi ta zuwa masallaci.

Ni a nan Makka aka haife ni, a unguwar Jarwal. Kakana a ƙasa ya zo da iyalinsa, ta Chadi da Sudan, in damina ta kama su sai su tsaya su yi noma, su sami guzuri su ƙara gaba, har suka hau jirgin ruwa a Sawakin. Mahaifiyata a wannan hanyar ta koyi tafiya. Kakata takan ce ranar da ta sauke ta daga baya ta ga ta taka da kanta, ji ta yi kamar an rage mata rabin hanyar.

Maganar kunya kuwa, mu mun riƙe ta a nan ɗin ma, ƙila har fiye da na gida, don tsoron kada ta ɓace mana. Babban ɗana a ɗakin mahaifiyata ya tashi. Ranar da ya fara tafiya ina wanki, aka zo aka faɗa mini, na yi kamar ban ji ba. Sai da na shanya kayan na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan daɗi ni kaɗai. Yau shekararsa 41, har yanzu ban daina son a ce idona ya ga ranar nan ba. Ban ce ki yar da kunya ba, ado ce, in kin je gida ki yi ta a gaban manya. Amma a ɗakinki ki kalli ɗanki ki ƙoshi.

Jikokina tara, takwas "Sitti" suke ce mini kamar yaran Hijaz. Autarsu ce kaɗai ta buɗi baki da "Kaka". Ba na nuna bambanci, sai dai in ta faɗa har cikin ƙashina nake ji.

Abu Maryam, Madina

Allah ya ƙara girma Hajiya. Ku yi haƙuri na shigo zancen iyaye mata. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Musulunci, daga Zariya, mu uku ne a ɗaki ɗaya da falo, ni da maiɗakina da 'yarmu mai wata bakwai.

Na taso ban taɓa ganin mahaifina riƙe da jariri ba, ba don rashin so ba, hannuwa ne suka yi yawa a gidan. A nan da ta haihu ba mu da kowa. Ni na dama kunu, ni na riƙe yarinya uwar ta yi wankan jego. Abin da ya fara da lalura ya zama abin da na fi so a yinina. Da asuba in na dawo masallaci nakan ɗora ta a cinya in yi tilawa. Tun tana wata huɗu, in na ja madda sai ta buɗe baki ta ja nata "aaa" tare da ni, in na tsaya ta tsaya tana kallon leɓena. Zamanta na farko kuma a harabar Masallacin Annabi ne, ƙarƙashin manyan lemomin nan da ake buɗewa da safe. Na ajiye ta a kan darduma na tallafe bayanta, sai na janye hannu a hankali. Ta yi tangaɗi, ta dafa ƙasa, ta zauna daram tana kallon sama. Wani dattijo Baturke da ke gefenmu ya lura, ya ce masha Allah, ya miƙo mini dabino uku.

Ummu Haidar, Karantina, Jidda

Ina taya ku murna har zuciya, amma ni karanta wannan sai ya tayar mini da hankali. Nawa watansa 14 bai taka ba. Rarrafe ma bai yi ba, jan gindi yake yi, yana da sauri kuwa. Yana kama abu ya miƙe, yana cewa Mama da Baba, yana nuna abin da yake so da yatsa. Ɗan maƙwabciyata da na riga ta haihuwa da wata biyu har gudu yake. Wasu sun ce goyo ya yi masa yawa, wasu sun ce in saya masa keken koyon tafiya. Dangin mijina in sun kira tambayarsu ta farko ke nan.

Anti Nas, Riyad

Ummu Haidar ƙanwata, kwantar da hankalinki. Aikina ke nan, ɓangaren yara nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe daban-daban ta fitar da sakamako a 2006: zama ba tallafi yana zuwa ne tsakanin wajen wata 4 zuwa 9, tafiya kuma daga wajen wata 8 har kusan wata 18. Dubi faɗin tazarar nan. A cikin yaran har da waɗanda ba su yi rarrafe ba sam. Masu jan gindi kuma sau da yawa sukan ɗan makara, don suna isa inda suke so ga hannunsu a sake, ba abin da ke matsa musu. Yaron da ke kama abu ya miƙe, yana nuni, yana kiran Mama, yana kan hanya.

Keken nan kada ki saya. Ba ya koyar da tafiya, faɗowa daga matakala yake jawowa, gidajenmu na nan kuma yawanci bene ne. Ki cire masa safa ya taka tayil da tafin ƙafarsa, ki ɗora abin wasansa a kan kujera ya miƙe ya ɗauko. In ya cika wata 18 bai taka ba, ko kika ga ya daina abin da ya riga ya iya, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ki kai shi a duba, kada ki jira. Kuma tunda zancen ya zo: fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma zazzaɓi mai zafi da gudawa ba na haƙori ba ne, a kai asibiti.

Nawa farin cikin kuwa ƙarami ne. Na dawo daga aikin dare a gajiye, 'yata mai shekara uku ta jawo bargonta ta lulluɓe mini ƙafa, ta ɗora yatsa a baki ta ce wa yayanta, "Shhh, Mama ta gaji."

Maman Sadiƙ

Allah ya saka da alheri Anti. Ummu Haidar, muna nan muna jiran albishir ɗinki.

Baban Hanan, Sabil, Jidda

Ni tela ne, shagona yana ƙasan gidan da muke haya, saboda haka kusan komai a idona aka yi. Abin da ya fi damuna tun kafin a haife ta shi ne harshe. Na ga 'ya'yan abokaina da suke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa, kaka ta yi magana su amsa da Larabci. Muka yi alkawari da uwarta, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa zalla.

Kalmarta ta farko bayan Baba, "moya". A wajen yaran bene ta tsinto. Na ji daɗi ta yi magana, amma can ƙasan raina na ɗan sosu. Muka ci gaba, in ta ce moya sai mu ce ga ruwa, ba tsawa ba gyara. Tana da shekara biyu da rabi sai na lura da wani abin mamaki: ta raba mutane da kanta. In yaron maƙwabta ya shigo ta ce masa "ta'al", in ta juyo wajena ta ce "zo". Ba wanda ya koya mata wannan rabon.

Ranar da ba zan manta ba, muna waya da mahaifiyata a Damagaram, da bidiyo. Tsohuwa ta ce, "Kishiya, kin ƙwace mini miji ko?" irin wasan kaka da jika. Yarinyar nan ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke tsohuwa ce, ni ce amarya." Da Hausa tas, har da karin harshen uwarta. Mahaifiyata ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na sauka shago na zauna gaban keke, na fi minti goma ban iya zura zare ba.

Bintu 'yar Mai Wurno, Jidda

Ni daga Sudan aure ya kawo ni, mahaifiyata tana can. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 layi ya zama sai an dace, akwai lokacin da muka yi makonni ban ji muryarta ba. A cikin makonnin nan ɗana ya fitar da haƙoransa biyu na ƙasa. Da cokali na gane, ina ba shi asida mai ruwa-ruwa na ji ƙaras. Na ɗauki hoto, na rasa wanda zan tura wa. Sai na riƙa tarawa, haƙori, tafa hannu, ranar da ya fara ɗaga hannu yana kwaikwayon kabbara bayan babansa. Da layi ya dawo na tura su gaba ɗaya, guda 23. Ta aiko da murya tana cewa ta kalle su ɗaya bayan ɗaya ita da maƙwabta, sun ga yaro ya girma a zama guda. Yanzu ya iya cewa "Habboba", wato kaka da Larabcin Sudan, kullum sai ya ɗauko wayata ya ce a kira ta. Ku sa mutanenmu a addu'a.

Hajiya Inna

Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan 'yata, ya haɗa kaka da jika ido da ido.

Maman 'yan biyu, Misfala

Ku da ke kan tata, akwai sauran daɗi a gaba. Nawa shekararsu shida, bana suka shiga aji ɗaya. Hassan ya yi famfara makon jiya, Usaina ta yi ta kuka ita ma sai nata ya fita, tana ta girgiza shi da yatsa. Na tuna muna yara a Sakkwato ana ce mana mu rufe baki kada ƙadangare ya ga wawulon, wai haƙorin ba zai fito ba. Na faɗa musu, yanzu Hassan da hannu a baki yake dariya. A azumin da ya wuce kuma suka kai har azahar, suka sha ruwa da sambusa da sobiya, suna ta faɗa wa kowa sun yi azumi.

Ummu Haidar

Assalamu alaikum. Albishirinku! Sati biyar ke nan da na yi muku kuka. Ranar Juma'a muka zo Makka da daddare, muka yi Umara, babansa ya saɓa shi a kafaɗa duk zagaye bakwai na ɗawafi da safa da marwa. Bayan sallar asuba muka fito farfajiyar waje muka zauna mu huta kafin mu nemi mota. Gari ya fara haske, tattabarun Harami suka sauko. Na cire masa safa kamar yadda Anti ta ce. Ya dafa gwiwata ya miƙe yana nuna su yana ihu. Ɗaya ta matso, ta ɗan ja baya, sai kawai ya sake ni ya bi ta. Na ƙirga taku shida kafin ya zauna. Babansa ya buɗe baki zai yi magana na riƙe masa hannu, kada ya firgita shi. Ya sake miƙewa da kansa, ba dafa komai, ya ƙara huɗu.

Watansa 15 da sati ɗaya. Hajiya Inna, na kalle shi na ƙoshi. Anti, tun da muka dawo Jidda bai yarda a goya shi ba, yanzu haka yana can ya buɗe mini durowar kicin yana fito da murafan tukwane.