Agogona ya koma maƙaryaci tun da ya sabunta manhajarsa, ko ni kaɗai ne?

Mai Sassarfa

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in ji daga bakin masu ɗaura agogon motsa jiki, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya, don nawa ya fara kai ni bango.

Shekara biyu ke nan ina fita sassarfa da shi kowace safiya, hanya ɗaya, sauri kusan ɗaya. Na san lambobina kamar yunwar cikina. In jiki ya ɗumama, bugun yakan tsaya tsakanin 140 da 148 a minti, ba ya wuce nan sai in na kama tudu. To wani dare na sa shi a caji, da safe na tarar ya sabunta manhajarsa da kansa, ko shawara bai yi da ni ba. Na ɗaura na fita. Ban kai minti biyar ba ya fara girgiza a hannuna, ina dubawa na ga 176. Shekarata 44. In ka bi lissafin nan da aka saba, ka cire shekarunka daga 220, abin da zai rage shi ne 176 cif, wato wai na ƙure zuciyata ke nan. Alhali ko haki ban fara ba, har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa.

Na tsaya a gefen hanya, na ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyana, na ƙirga na daƙiƙa 15, na samu 34. Sau huɗu, 136. Kwana huɗu a jere haka yake yi mini. Akwai wanda ya gamu da irin wannan?

Mai Gyaran Waya

Wa alaikumus salam Yaya. Kafin ka jefar da shi, duba mini abu ɗaya. A shafin gudun akwai inda yake nuna yawan takunka a minti. Nawa ya rubuta?

Mai Sassarfa

Na duba. 175, wani wurin 176. Kai, ikon Allah.

Mai Gyaran Waya

To ka ga inda gizo yake saƙa. Ƙafafunka yake ƙirgawa yana cewa zuciya ce.

Agogon nan ba ya jin bugun zuciya kamar yadda likita ke ji da abin kunnensa. Juya bayansa za ka ga 'yan fitilu kore suna ƙyafta. Hasken yake harbawa cikin fata. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk bugun da zuciya ta yi jini ya ƙaru a wuyan hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu, in ya wuce kuma ya ƙaru. Wannan hawa da saukar ita agogo ke ƙirgawa. Matsalar ita ce in kana gudu, kowane taku yana jijjiga agogon a kan fata, shi ma yana sa hasken ya hau ya sauka, a kan tsari kamar kiɗa. Sai agogo ya wayi gari da kiɗa biyu a gabansa, na zuciya da na ƙafa. Aikin manhaja ne ta tace, ta ce wannan ne na zuciya. In aka taɓa wannan matatar a sabuntawa, fitilun suna nan yadda suke, hannunka yana nan yadda yake, amma lambar sai ta canza.

Ni ma nawa ya taɓa yi mini haka. Na matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, na ƙara rami ɗaya a madauri lokacin gudu kawai, na riƙa goge bayansa saboda gumi da maiƙo. Ya ragu sosai, ban ce ya daina ba. Ranar da ake sanyi ya fi yi, don jini ba ya zuwa fata sosai sai jiki ya ɗumama.

Maman 'Yan Biyu

Ni dai nawa abin dariya ne da takaici a haɗe. Kafin sabuntawa, in na zauna ina jijjiga yaro a kafaɗa ina bubbuga bayansa, taku yake ƙirga mini. Akwai daren da ban tashi daga bakin gado ba ya taya ni murna wai na cika taku dubu goma, har da 'yan taurari suna fashewa a fuskarsa. Na ce to madalla.

Yanzu kuma an juya. Ina jin gyara suka yi, amma garin gyaran gira sun rasa ido. In na tura keken yara na yi tafiyar minti arba'in, hannuna biyu a kan mariƙi, sai in dawo in ga taku 300 da 'yan kai. Da a irin wannan tafiyar yakan ba ni sama da dubu uku. Ranar nan don gwaji na cire shi na sa a aljihu, ya ƙirga daidai, sai dai kuma babu bugun zuciya tunda ba ya jikina.

Na barci kuwa kada ma a yi maganarsa. Daren da na kwanta shiru ina shayarwa, idona biyu tun daga ƙarfe biyu har huɗu ina kallon rufin ɗaki, da safe ya rubuta mini "barci mai nauyi, awa ɗaya da minti hamsin". Na nuna wa maigidan, ya ce ai ga shaida nan, ashe duk ƙorafin rashin barcin da nake yi babu gaskiya. Wallahi kamar in wurga masa agogon.

Mai Gyaran Waya

Ki yi haƙuri Anti, maigida ya yi haƙuri shi ma, shaidarsa ba ta karɓu ba. Matakan barci na gaskiya da igiyoyin ƙwaƙwalwa ake auna su, a manna wa mutum wayoyi a kai a ɗakin gwaji. Agogo motsin hannu da bugun zuciya kawai yake da su, sauran kintace ne. Wanda ya kwanta shiru ido biyu shi ya fi ruɗa shi.

Dattijo Mai Ritaya

'Ya'yana, naku da sauƙi. Ni sai da abin ya kai ni asibiti.

Ɗana ne ya saya mini, ya ce in riƙa lura da jikina tunda shekaru sun ja. Wata takwas yana nuna mini iskar oksijin ta jinina 95, 96, wani lokaci 97, ko da rana ko da dare. Bayan ya yi wannan sabuntawa da kuke faɗa, na tashi da safe na ga wani jan layi a waya, wai cikin dare ta sauka zuwa 84. Washegari 86. Na kira yaron na ce masa in akwai wanda nake bin bashi ko yake bi na a zo a rubuta. Dare na uku ban rintsa ba, ina kwance ina ɗaga hannu ina duba agogo kamar mai jiran jirgi, shi kuma da safe ya ce mini barcina ya lalace, in rage damuwa. Shi ya jawo damuwar, shi ne kuma mai nasiha.

Likita ta maƙala mini ɗan abin nan a yatsa, ya nuna 97. Ta sa na yi tafiya a baranda na dawo, 96. Ta tambaye ni yadda nake kwanciya, na ce a gefen hagu, hannu ƙarƙashin matashi. Ta ce to ga dalili ɗaya nan, in ka danne hannun ko madauri ya saki, lambar takan faɗi. Amma ba ta sallame ni haka kawai ba. Ta tambaya ko ina minshari, ko ina farkawa da ciwon kai, ko gyangyaɗi yana kama ni da rana. Uwargida ce ta amsa ta minsharin, kuma ba ta rufa mini asiri ba. Yanzu dai an ba ni ranar da zan je gwajin barci. Don haka ni har yanzu ban yanke wa agogon hukunci ba, ko ƙarya ya fara yi, ko a da ne yake ɓoye mini.

Ɗalibar Jinya

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuma kun yi daidai da kuka je. Abin da nake ji wa tsoro a irin wannan hira shi ne kowa ya tashi da cewa agogo maƙaryaci ne, ranar da ya faɗi gaskiya a yi banza da shi. Wanda ya ga lamba ta tashi ko ta faɗi, kuma yana jin ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi masa wuya, ko jiri, ba lokacin binciken manhaja ba ne, asibiti zai nufa.

Na oksijin ɗin ba koriyar fitila yake amfani da ita ba, ja ce da wani haske da ido ba ya gani. Na yatsa hasken ratsawa yake ya fita ta ɗaya gefen, na agogo kuwa sai dai ya jira wanda ya dawo daga fata, shi ya sa ya fi saurin ruɗewa. Kuma ko na yatsan ba a rantse masa. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa a tsakanin majinyata baƙar fata, na'urar yatsa ta kusa ninka sau uku wajen nuna oksijin lafiya lau alhali gwajin jini ya nuna ya yi ƙasa, in aka kwatanta da farar fata. Ku lura, can kuskuren sama yake kai lambar, ba ƙasa ba. Ni kaina agogona in na shafa mai da yawa a hannu sai ya ƙi karantawa gaba ɗaya.

Direban Dogon Zango

Ni bene yake hawar da ni. Ina zaune a kan sitiyari daga safe har yamma, in sauka in ga wai na hau bene 38. Da ba ya yi, in ina tuƙi shiru yake. Na tambayi wani ya ce akwai abin auna nauyin iska a ciki, duk mita uku da ya ji an yi sama sai ya ƙirga hawa ɗaya in ya ga hannu yana motsi. To hanya mai tudu da gargada ta ba shi duka biyun. Na kashe na kunna, na cire shi daga waya na sake haɗawa, har na mai da shi yadda ya fito daga kwali, duk tarihina na shekara ya tafi, bene dai yana nan. Na rubuta wa kamfanin, suka aiko mini da jerin abubuwan da na riga na yi. Na ce su mai da ni tsohuwar manhaja, suka ce ba a komawa baya.

Mai Keke

Ku yi haƙuri in ɓata muku hira, ni nawa gyaruwa ya yi.

Ina da madaurin ƙirji, wanda ke ɗaukar lantarkin zuciya kai tsaye, ba haske ba. Nakan ɗaura shi tare da agogo in kwatanta. Kafin sabuntawa, in na taka da ƙarfi a tudu, madauri ya kai 165 agogo yana can 140 yana lalube, sai bayan rabin minti ya iso. Yanzu tazarar ba ta wuce bugu uku ko huɗu. Amma da ba ni da madaurin, me zan ce? Zan ce sabuntawa ta ɓata mini agogo, tunda lambobina sun tashi. Yawancinmu tsohuwar lamba muke ɗauka a matsayin ma'auni, don kawai mun saba da ita.

Kalori ma haka, wato lissafin kuzarin da agogo ke cewa jiki ya ƙona. Tafiyar da yake ba ni 900 yanzu 640 yake ba ni, raina ya ɓaci kwana biyu. Amma a 2017 Jami'ar Stanford ta gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. A kalori kuwa wadda ta fi kowace ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. To tsakanin 900 da 640 wa zan rantse wa? Ita kanta taku dubu gomar da Anti ta cika a bakin gado, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ta samo asali, wadda aka fitar a Japan a 1965.

Maman 'Yan Biyu

Malam Mai Keke, na ji bayaninka, amma ni ba ni da madaurin ƙirji, ƙafafu nake da su, kuma sun san sun yi tafiyar minti arba'in. Taku 300 ba gyara ba ne.

Mai Keke

Wannan kam na ba ki gaskiya Hajiya.

Mai Sassarfa

Na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na bi shawarar ƙanina mai gyaran waya, na matsar da shi sama na ƙara ɗaurewa, kuma ina yin tafiyar minti biyar kafin in fara gudu. A fita goma, sau bakwai ya tsaya a 140 da wani abu. Sau uku ya koma bin ƙafafuna, duka ukun a gangare. Na kuma je fili mai zagayen mita 400 na yi zagaye goma a layin ciki, ya ba ni kilomita 4.3 maimakon 4, amma wannan ban san ko sabo ba ne, don ban taɓa gwadawa ba a da.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanakin farkon nan sun shiga lissafinsa. Ya ɗauka ina wahala a gudun da nake yi cikin sauƙi, ya rage mini makin ƙarfin jiki da uku, kullum yana ce mini in huta awa 60. Na goge waɗancan ranakun, makin bai dawo ba.

Baba, yaya aka ƙare da gwajin barcin? Jiya da daddare kuma wata sanarwa ta fito, wai akwai sabuwar manhaja mai "inganta auna bugun zuciya". Na kashe sabuntawa ta kai tsaye, ban taɓa ta ba tukuna. Mai Keke, tunda kai ne mai madauri, fara saukewa ka gaya mana.