Wata waƙar uba ta hana ni barci, ga biki saura mako uku

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ban san ta inda zan gajarta ba.

An haife ni a Kakuri, Kaduna, a 1997. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a sashen rini, har yau ina tuna farcensa da ba ya rabuwa da shuɗi. Da masaƙu suka fara rurrufewa daga 2002 aikinsa ya tafi. Ya yi acaba na ɗan lokaci, gida ya ƙi zaunuwa, a 2004 suka rabu da Ummana ya tafi Legas. Yana Agege har gobe, da wata matar da 'ya'ya biyar. A 2006 Umma ta auri wanda muke kira Baba Tela, shagonsa na Kasuwar Barci. Da ni ta shiga gidan, agola, ina shekara tara. Mutumin nan bai taɓa bari na ji kalmar agola a bakin kowa ba. Kayan sallata yake fara yankawa kafin na 'ya'yansa. Shekarar da zan zana jarrabawar fita sakandare kekunan ɗinki biyu gare shi, ya wayi gari da ɗaya, sai bayan shekaru Umma ta gaya min inda ɗayan ya tafi.

To ranar Talata ta wancan makon ina cikin bas daga Kawo, direba ya sa wata waƙa. Ba kiɗa mai yawa, murya ce kawai a hankali. Mawaƙin yana ba da labarin uban da ba ya cewa komai, amma kullum da dare yana zaune a bakin zaure da rediyo, kamar labarai yake ji, alhali jira yake 'yarsa ta dawo daga islamiyya. Tana shigowa sai ya kashe rediyon ya tashi. Wallahi kuka ya ƙwace min a cikin mutane, har wata dattijuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Ga abin da ke cin raina. Wanda ya yi min wannan zaman bakin zaure Baba Tela ne, da BBC ɗinsa ta dare, shekara da shekaru. Amma fuskar da na gani ina kukan ta mahaifina ce, ranar da ya ɗora ni a wuya mu ga dawakai da sallah. Na saurari waƙar ya fi sau arba'in. Da ƙarfe biyun dare na tura masa ita ta WhatsApp, bayan shekara huɗu ba mu yi magana ba. Ya buɗe. Yau kwana tara bai ce uffan ba.

Kuma na riga na ce wa mai kiɗan bikina ya sa ta a wajen kamu. Umma ta ji, abin da ta ce kawai shi ne: "In aka sa, wa za ki tuna?" Tun ranar ba ta sake min fuska ba. In cire waƙar ne? In sake tura masa saƙo? Ko ni ce butulu?

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin sa ni hawaye da sassafe. Amma gaskiya ɗaya ce, wanda ya sayar da kekensa shi ne ubanki. Ni nan uban 'ya'yana shekara shida ke nan da ya fita, ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Ni nake soya awara a ƙofar gida in biya kuɗin makaranta. Kuma na san ranar auren Ilham zai zo da babbar riga ya zauna a gaba a ce ga uban amarya. Wannan abin shi ke tashe ni cikin dare. Kada ki yi wa mahaifiyarki abin da nake tsoron a yi min. Ki cire waƙar.

Abu Ammar:

'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Matsalarki ba waƙa ba ce. Matsalarki shekara huɗu ce da kika yi ba ki gaida mahaifinki ba, sannan da kika tashi nemansa kika aika masa da waƙa tsakar dare. Dattijo ɗan shekara sittin ko fiye, me kike so ya amsa? Shi ma ya aiko miki da waƙa?

Tirmizi ya ruwaito cewa uba shi ne tsakiyar ƙofofin Aljanna, in ka so ka tozarta ƙofar, in ka so ka kiyaye ta. Ba a ce sai uban da ya biya kuɗin makaranta ba. A Suratu Luƙman, aya ta 15, ko shirka iyaye suka matsa maka ka yi, cewa aka yi kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya. To balle wanda talauci ya kora. Ki nemi kuɗin mota ki tafi Agege, ki durƙusa a gabansa. Sannan tambayar da ba wanda ya yi miki: waye waliyyinki? Mijin uwa ba ya shiga gaban uba a nan komai alherinsa.

'Yar Tudun Wada:

Malam na gode. Baffana ne zai tsaya, ƙanin mahaifina da ke Rigasa, kuma da saninsa, tun kafin a sa rana aka yi wannan maganar. Ba ni na yanke zumunci ba. Akwai abin da ya faru a 2021 da ba zan iya rubutawa a nan ba. Waƙar kuma na tura ne don bakina ba zai iya faɗin abin da ta faɗa ba.

Baban 'Yan Biyu:

Ni abin da ya tsaya min shi ne har an samu wanda ya yi wa uba waƙa mai taushi. Ku ƙirga waƙoƙin mahaifiya da ke cikin wayoyinku, sannan ku ƙirga na uba. Na san hadisin, uwa sau uku sannan uba, ba na jayayya. Amma na huɗun fa an ambace shi. Ina fita da asuba in dawo bayan isha'i, in na shigo falo sai yara su watse kamar an ga dodo. Ranar da na kwanta zazzaɓi kwana huɗu, babban ɗana ta bakin uwarsa ya gaishe ni. Mu an raine mu da alkunya, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, "kai wannan" yake cewa har ya rasu. Sai da muka buɗe akwatinsa na ga duk takardun sakamakona na firamare a ninke cikin leda. 'Yata, shirun da mahaifinki ya yi ba lallai ƙi ba ne. Wataƙila shi ma sau arba'in ɗin ya saurara.

Hauwa'u:

Baba Allah ya ƙara lafiya, amma alkunyar nan ta cuce mu da yawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ce masa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Yana cikin Buhari. Nana Faɗima in ta shigo tashi yake ya tarbe ta. Mu kuma sai uba ya mutu mu gano a cikin akwati yana son mu.

Ni ma agola ce, sai dai tawa ba ta yi kyau irin taki ba. A kwano daban ake zuba min. Don haka in na ji kina kuka da fuskar wani alhali ga Baba Tela a raye, sai in ji wani abu ya tokare min. Kin taɓa kunna masa waƙar?

'Yar Tudun Wada:

Anti Hauwa ban kunna masa ba. Ba ya sauraron waƙa, kuma da wane ido zan kalle shi? Ba wai ban san darajarsa ba ne, albashina na farko shadda na saya masa. Ni ban zaɓi fuskar da ta zo min ba.

Abu Ammar:

Kun ga abin da nake faɗa. Tun ɗazu kowa sai ba da labarin zuciyarsa yake, ba wanda ke maganar hukunci. Waƙa tana motsa mutum minti biyar ta sake shi. Haƙƙin uba ba ya motsi. Kuma 'yar'uwa, "abin da ya faru a 2021" ko mene ne, bai kai abin da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi ba, aka kuma yafe. Ki karanta surar ki ga yadda uba ke son ɗa, Annabi Yaƙub sai da idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Wannan ya fi kowace waƙa. Kaduna zuwa Legas kwana ɗaya ne a mota. Mako uku ya ishe ki ki je ki dawo har ki yi lalle.

Maman Ilham:

Malam kai namiji ne shi ya sa. Amarya saura mako uku ta hau titin Legas ita kaɗai? Shi ƙafarsa aka yanke? Shekara ashirin da ɗaya bai san hanyar Kaduna ba?

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike. Mu nan rabin garinmu ɗiyan 'yan cirani ne. Babana ya tafi Libiya ina shekara biyar, sai dai a aiko da kaset ya yi magana a ciki mu taru mu saurara. Bayan an kashe Gaddafi a 2011 ya dawo da jaka guda, ba ko sisi. Wata shida bai iya haɗa ido da mu ba, da mun shigo sai ya fita. Kunyar namiji da ya kasa riƙe gidansa ba ƙarama ba ce. Kin aika masa waƙar uban da ke jiran ɗiyarsa bakin zaure, shi kuwa ya san bai jira ki ba ko dare guda. Ina jin tsoron ya ɗauka gori ne kika yi masa. Ki kira shi da murya, ki ce Baba ina kwana, shi ke nan. Kada ki tada maganar waƙar.

'Yar Tudun Wada:

Innalillahi. Wallahi ban yi tunanin haka ba. Amma ai ya san halina, ya san ba zan yi masa gori ba. Kuma da ya ji haushi da ya gaya wa Baffa, Baffa kuwa bai ce min komai ba. Kiran ne ba zan iya ba, in matarsa ta ɗauka fa? Ita ce ta ɗauka wancan karon.

Hauwa'u:

Wane karon? Kin ga, kina ba mu labarin rabi-rabi. Mun san launin farcen mahaifinki, ba mu san me ya raba ku ba.

Hajiya Gwaggo:

'Yar nan, ni na aurar da 'ya'ya mata huɗu, bari in gaya miki abin da zai faru a wajen kamu. Maza ba sa nan. Baba Tela ba zai ji waƙar ba, na Agege ba zai ji ba. Wadda za ta ji ita ce uwarki, a gaban dangin mijinta da dangin mijinki, kina kuka kowa na kallonta yana lissafi. Matar nan ta sha abin da ba ki sani ba tsakanin 2002 da 2004, ke kina yarinya ana ɗora ki a wuya. Ki ajiye waƙarki a waya. Ranar da za a kai ki, in an shiga da ke wajen Baba Tela ya yi miki faɗa, ki riƙe ƙafarsa ki yi duk kukan da kike da shi. Zai gane.

Abu Ammar:

Hajiya da girmanki, amma kin bar uban yarinya a waje. Duk wannan dabarar biki ce. Ni maganata tana nan, Agege. In kuɗin mota ne matsalar a faɗa, akwai masu taimakawa a nan. Kuma ko ma wace waƙa ce, ban ga dalilin kiɗa a wajen kamu ba tun farko.

Baban 'Yan Biyu:

Don Allah wa ke da waƙar ya turo min. Ina so in ji.

'Yar Tudun Wada:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Gwaggo na ji maganarki, amma ai ba don in tozarta Umma na zaɓe ta ba, kuma ita kaɗai ce abin da na zaɓa da kaina a duk bikin nan, hatta ankon ba ni na fitar ba. Malam ba zan iya zuwa Legas ba, wanda zan aura ma bai san na tura saƙon ba.

Jiya da dare na dawo daga wajen mai gyaran jiki wajen ƙarfe tara, na tarar da Baba Tela a bakin zaure da rediyonsa. Na gaishe shi, ya ce "kin dawo?", ya kashe ya shiga. Na tsaya a soron na kasa motsi. Da na shiga ɗaki na duba waya, har yanzu ba amsa, sai dai na ga mahaifina ya canza hotonsa, ya sa na ƙaramar 'yarsa da kayan makaranta.

Mai kiɗan ya ce zuwa Asabar yake son jerin waƙoƙin. Ban cire ba tukuna.

Maman Ilham:

Hoton 'yarsa ya sa? To ai ya ba ki amsa.

Ɗan Maraɗi:

Maman Ilham, ba lallai ba ne. 'Yar Tudun Wada, ki dai kira shi.