Wane littafi zan karanta wa Inna da dare?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. An yi wa Innarmu aikin ido, likita ya ce ta kaurace wa kallon talabijin na 'yan makonni. Da dare sai ta yi shiru tana jan carbi, na ga kaɗaici na damunta. Ina so in riƙa karanta mata littafi bayan isha'i. Ta haura shekara 70. Ku taimaka da shawara.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ki nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Littafi uku ne, labaran gajeru, ɗaya ya ishe ku dare guda. Kuma tun asali a kan hirar dare aka gina shi: aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labari har gari ya waye don kada ya fita. Hausarsa ta fi daɗi a baki fiye da a ido.

Anti Bilki: Allah Ya ƙara sauƙi. Malam ya yi gaskiya, amma ni Shaihu Umar zan ce, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Siriri ne, cikin dare huɗu za ku gama. Ana cewa labarin malami ne, ni kuwa labarin uwa na gani. An sace mata ɗa yana ƙarami, ta bar gida ta bi sawunsa, aka kama ta aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada har Tarabulus. Shi kuma yana can ƙasar Masar yana karatu a hannun Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Na karanta wa kakata shi tana tsintar shinkafa a faranti. Da muka zo inda suka haɗu, sai na ga hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafar, ta ce in maimaita wurin.

Yaya Nura: Anti, ki yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Uwar fa rasuwa ta yi jim kaɗan bayan haɗuwar. Mai ɗanyen aiki a ido ba ta bukatar abin da zai sa ta hawaye. A ajiye shi sai ta warke.

Anti Bilki: Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ka yi gaskiya Nura. Maman Hanifa, ki jinkirta shi, amma kada ki bar shi.

Yaya Nura: In ta warware ma akwai fim ɗinsa na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni. An gyara tsohon kwafin aka nuna a bikin fina-finai na Balin da ke ƙasar Jamus a 2018. Tafiyarsa a hankali take, babu rawa da waƙa irin ta yanzu, amma tsofaffi za su gane suturar da yadda ake gaisuwa a fada.

Hajiya Umma: 'Yata, in kina son Inna ta riƙa tanka miki, ki karanta mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi ce mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Duk macen da ta kai shekarun Inna ta san wata Rabi, ko a dangi ko a maƙwabta. Abin da bai kwanta mini ba shi ne ƙarshensa, yadda aka matsa mata ta koma bayan duk wahalar da ta sha ita kaɗai. Har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Malam Sabo: Hajiya, ai haka ake yi a gidajenmu, marubuciyar ba ta ɓoye ba ne.

Hajiya Umma: Na sani Malam, shi ya sa ya yi mini ciwo.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na faɗa wa Inna duka ukun. Da ta ji sunan Magana Jari Ce sai ta yi murmushi, ta ce yayanta ne ke karanta musu shi a gaban fitilar ƙwai suna yara. Da shi za mu fara yau. Anti Bilki, in naki Shaihu Umar ɗin yana nan ki ajiye mini, zan turo Hanifa ta karɓa bayan an duba idon a karo na biyu.

Anti Bilki: Yana nan, bangon ne kawai ya yage. A gaida Inna da jiki.