Neman shawara: B.Tech ɗin nan zai mai da ni injiniya kuwa?

Ɗan Auta: Salama alaikum yayyena. Injiniyan lantarki na cike a JAMB, makina bai kai ba, aka ba ni B.Tech na koyar da fasahar lantarki. Baba ya sayar da buhun masara shida ya biya rajista, duk unguwa "Injiniya" ake kirana, har kaka ta ce in gyara mata rediyo. Ina aji biyu yanzu. Jiya wani ya ce COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ba za ta san da ni ba. Barci ya gagare ni.

Malam Sabo: Ƙanina, gaskiya ya faɗa maka. Kwas ɗinka na malanta ne, rajistarsa tana TRCN, hukumar rajistar malamai. COREN na yi wa mai B.Eng, wato digirin injiniya, daga kwas ɗin da ta tantance rajistar injiniya, mai HND kuma rajistar masanin fasaha. Nemi canjin sashe tun yanzu. CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, nawa? Ba ka faɗa ba.

Maman Hanif: Ko ya koma poli. ND shekara 2, IT (koyon aiki a masana'anta) shekara 1, HND shekara 2, hannunsa ya faɗa.

Abban Zaria: Poli? A aikin gwamnati mai HND yana kai mataki na 14 sai ya cije, yaran da ya koya wa aiki su zama ogoginsa. Har yau ana ta surutun gyara.

Malam Sabo: Mai HND sai ya ƙara PGD, diflomar gaba da digiri, kafin ya nemi rajistar injiniya. Hanya ce mai nisa, kar ku ruɗa yaro.

Bala Sola: Takarda ba ta ɗaura inbata. Ya koyi lissafi: inbata mai 48V batir huɗu take ci masu 12V, a jere. Gama sabo da tsoho, tsohon ya kashe sabon. Sa siririyar waya tsakaninsu, ta yi zafi ta narke. Wanda ya iya wannan ba ya rasa aiki.

Ɗan Auta: Ai muna shiga wokshop sosai, mun fi 'yan B.Eng taɓa waya. Kuma in na canza za a iya mai da ni baya, me zan ce wa Baba?

Malam Sabo: CGPA nake tambaya.

Ɗan Auta: Yaya, sakamakon bai gama fitowa ba.