Magena ta daina cin abinci tun ranar suyar layya

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Magen nan tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan gida, da cokali na riƙa ba ta madara, har uwar mijina tana min faɗa wai na mayar da ita 'ya. Ranar suya yara suka yi ta jefa mata nama, ni ma na zuba mata romon kayan ciki da ya ji albasa da tafarnuwa. Yanzu tana kwance a ƙarƙashin gado, ta yi amai, ko kifi ba ta shinshinawa.

Baban Sadik: Maiƙo ne ya yi mata yawa. Ki ɗura mata manja, ki jiƙa rabin Panadol ki ba ta, gobe za ki gan ta a kan katanga. Tun kafin a haifi wasunku nake kiwo.

Anti Bilki: Kada ki kuskura, 'yar uwa! Panadol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ɗan gutsure ma yana kashe ta. Manjan kuma tana iya shaƙarsa ya tafi huhu. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, kuma sai bayan 'yan kwanaki abin yake nunawa. Ɗaga leɓenta ki duba dasashi. In ya ɗashe, ko fitsarinta ya yi ja, yau ɗin nan ki kai ta asibitin dabbobi.

Hajiya Uwani: Ni magen maƙwabta ta ɗauke min hantar da na ajiye wa Alhaji, na je na yi magana aka ce ai dabba ce. Har yanzu ba ma gaisawa.

Maman Ilham: Anti, kullum fa miyarmu take ci, ba abin da ya taɓa samunta. Ni na fi zargin ƙashi ne ya maƙale mata.

Anti Bilki: In ƙashi ne ma ai likita ne zai gane. Dafaffen ƙashi tsagewa yake ya soki hanji. Kin duba dasashin?

Baban Sadik: Mage mai rai tara za a kai asibiti? Manja kawai, Hajiya.

Maman Ilham: Ta ƙi fitowa balle in duba. Abban Ilham kuma ya ce ba zai sa mage a motarsa ba. Suna buɗewa kuwa a hutun Sallah?