Bayan ambaliyar Alau: shawarwarin mazauna Maiduguri

A hirar da aka yi da wasu mazauna Gwange da Fori, waɗanda ruwan madatsar Alau ya kora daga gidajensu a watan Satumban 2024, maganar ruwan sha ce ta fi cin lokaci. Rijiyoyi sun gauraye da ruwan masai, in ji su, don haka kar a sha sai an tafasa. Wata uwa ta ce ko na wanke kwano sai ta ɗora a wuta, duk da tsadar gawayi. Ba ta yi kuskure ba, don kwalara ta ɓulla a Borno bayan 'yan makonni.

Komawa gida ma sai da dabara. A zunguri ƙarƙashin gado da bayan randa da doguwar sanda kafin a sa hannu, tunda macizai da kadoji sun tsere daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Katangar ƙasa da ta sha ruwa, kar a kwana a gindinta.

An yi ta musu kan hatsin da ya jiƙe, wanda ake karyarwa da araha. Ni dai ina bayan masu cewa a bar shi, in ya fara warin rima ko kaji kar a ba.